Wa ke leƙa su? Manya masu raunin fahimta da zumuncin da ke tsinkewa a Kaduna

A Kaduna, kamar sauran garuruwan Arewa, makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare ma haka. Kurame suna da ƙungiya da masu fassara musu magana da hannu. Idan hukuma ta taɓa su, kamar yadda aka gani a 2015 lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana bara a kan tituna, sukan haɗa kai su fito, a ji muryarsu a rediyo, a zauna da shugabanninsu. Amma akwai wasu bayin Allah da ba su da sarki, ba su da kakaki, ko a taron masu buƙata ta musamman ba kasafai ake ajiye musu kujera ba. Su ne manya masu raunin fahimta, waɗanda a unguwa ake ce wa dolo ko gaula ko galhanga, sunayen da ni dai ba na son jin su a bakin babba. Mutum ne mai shekara 30 ko 45, gemu ya fito har ya soma furfura, amma canjin naira ɗari biyar yana rikita shi, kuma ba zai iya tashi ya kai ƙarar wanda ya cuce shi ba. Abin da ke tsare shi a duniya, bayan Allah, shi ne mutanen da suka san shi kuma suke ganinsa a kai a kai. Ranar da ƙafarsu ta ɗauke, ya zama ba shi da kowa, ko da an ajiye shi a gini mai fenti da fanka.

Akwai abu biyu da muke yawan cakuɗawa, kuma cakuɗa su ne ke kai mutane inda bai kamata ba. Taɓin hankali ciwo ne da yakan sami mutum bayan ya taso lafiya lau, yana tashi yana lafawa, magani yana yi masa aiki. Raunin fahimta kuwa da shi ake tasowa tun yarinta: jinkirin zama, jinkirin magana, karatu ya ƙi zama a kai, abin da sa'o'insa suka koya a wata guda shi sai ya shekara. Babu allura ko rubutun sha da zai cire shi. Abin da ke aiki shi ne koyarwa a hankali da maimaitawa cikin haƙuri, kuma mutum yana ci gaba da koyo har tsufansa idan ya sami mai koya masa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya haka yake, adadin kuma ya fi yawa a ƙasashe matalauta, saboda dalilan da ke gabanmu kullum: doguwar naƙuda da jariri zai fito bai yi kuka ba, shawarar jarirai da aka tsaya ana shanyawa a rana har ta taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, tamowa, ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta bar wasu da yawa da illa a ƙwaƙwalwa, kuma waɗancan yaran yau samari ne da 'yanmata. Akwai kuma wanda aka haifa da shi, kamar larurar Down, wadda ke zuwa daga ƙarin ƙwayar halitta ta 21. Iyalin da suka ɗauka hauka ne ko aljanu sai su shiga neman inda za a warkar musu da ɗa. Daga wannan malami zuwa wancan fasto, kuɗi na ƙarewa, haƙuri na ƙarewa, har a dangana da wurin da zai ce a bar shi a nan.

Wani abu ya canza wanda tsarin riƙonmu na gargajiya bai shirya masa ba: suna daɗewa a duniya. A Amurka, a 1983, mai larurar Down bai cika wuce shekara 25 ba. Yanzu yana kai wajen 60. Mu ba mu kai can ba, amma rigakafi da maganin ƙwayoyin cuta sun sa yaran da a da ba sa wuce yaye yanzu suna girma su binne iyayensu. Shi ya sa duk uwar da ke riƙe da irin wannan ɗa, idan hira ta yi nisa, tambaya ɗaya take fitowa daga bakinta: "In na mutu, wa zai riƙe min shi?" A babban gidan gandu na da, tambayar ba ta da wannan nauyin, domin akwai kawu, akwai gwaggo, akwai matan 'yan'uwa, tukunya ɗaya ce. A ɗaki biyu na haya a Tudun Wada ko Badarawa, inda miji ke fita da asuba, matar gida kuma tana da nata 'ya'yan da 'yar sana'arta, ƙanin miji mai shekara 35 da ke buƙatar a tuna masa wanka nauyi ne na gaske, kuma wanda ya ce ba nauyi ba ne bai taɓa ɗauka ba.

To ina suke zaune? Mafi yawansu suna gida, a hannun uwa. Kaɗan suna cibiyoyin gwamnati irin ta horaswa da ke Kakuri, ko gidajen da ƙungiyoyin addini da masu zaman kansu ke gudanarwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa wurin jinya ne, a duba mutum a sallame shi, ba mazauni ba ne. Wasu kuma suna gidajen mari. Kuma kada mu yi saurin cewa wanda ke gida ya tsira. Ɗakin baya da aka sa wa kwaɗo, ana miƙa abinci ta taga, ana ɓoye mai shi idan baƙi sun zo, bai bambanta da cibiya mafi muni ba sai da cewa babu jami'in da zai taɓa zuwa dubawa.

Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a ba su labarin abin da rufaffiyar ƙofa ke haifarwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da maza sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Wata mai bi aka sake fito da mutum 147 daga wani gidan a Rigasar dai. Galibinsu saboda shaye-shaye ko kangara aka kai su, ba raunin fahimta ba, amma darasin ya shafi kowa: iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da yawa kuma suka ce ba su san abin da ake yi a ciki ba. A Nuwamban shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da bayanin wurare 28 da ta ziyarta a jihohi 8 da Abuja, na gwamnati da na addini da na gargajiya, inda ta tarar ana ɗaure mutane da sarƙa. In har saurayi mai cikakken wayo, wanda zai iya ba da labari tiryan-tiryan, ya shekara a ɗaure ba a sani ba, ina ga wanda kalmominsa ba su fi ashirin ba?

Wani zai ce talauci ne da rashin ilimi. Abin da ya faru a Ingila ya rushe wannan uzurin. A 2011 BBC ta shiga da ɓoyayyiyar kyamara wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol, Winterbourne View, inda ake ajiye manya masu raunin fahimta. Gwamnati na biyan kimanin fam 3,500 a mako kan kowane mutum guda. Ma'aikata suna marinsu, suna danne su a ƙarƙashin kujera, suna watsa musu ruwan sanyi. An samu ma'aikata 11 da laifi, 6 suka tafi gidan yari. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa ba a barin dangi su shiga ɗakunan da majinyatan ke kwana, kuma da yawansu an kawo su ne daga nesa da garuruwansu. Ga kuɗi, ga takardun shaida, ga hukumar sa ido, amma da yake babu idon ɗan'uwa a ciki, abin ya tafi inda na Rigasa ya tafi.

Ziyara tana yin aikin da mutane ba sa lura da shi. Na san wata baiwar Allah a Unguwar Sanusi da ƙaninta ke zaune a wani gidan kula da naƙasassu. Wata rana ta je aka ce mata kwana biyu ya rikice, yana marin kansa, ya ƙi cin abinci, an ma ƙara masa maganin barci. Ta zauna kusa da shi a tabarma, ta buɗe kwanon ɗanwaken da ta kawo, wanda ta san ba ya mayarwa. Ya kai loma ɗaya ya tsaya, ya dafe kumatun hagu. Ta ce, "Buɗe bakin in gani, ɗan Inna." Ya buɗe. Haƙori ne ya ruɓe, dasashi ya kumbura. Ma'aikatan ba mugaye ba ne, mutum biyu ne a kan mutane da yawa, kuma ba su san cewa tun yana yaro haka yake yi idan wani wuri na yi masa ciwo ba. Ita ta sani domin a bayanta ya girma. Likitoci sun daɗe da gane wannan tarko: duk abin da mai raunin fahimta ya yi sai a jingina shi ga larurarsa, a manta cewa shi ma yana ciwon haƙori, yana basur, yana gyambon ciki, kuma kusan 1 cikin 5 nasu yana da farfaɗiya. A Ingila, duk da asibitocinsu, bitar mace-macen da hukumar lafiyarsu ke yi ta nuna suna mutuwa kimanin shekara 20 kafin sauran jama'a, sau da yawa da cututtukan da ake iya magancewa. Ɗan'uwan da ke zuwa shi ne ke lura cewa wando ya yi masa yawa, ko ya fara tsorata idan wani ma'aikaci ya shigo, ko maganin da ake ba shi ya sa yawu na zuba yana tafiya kamar mai maye. Su ma ma'aikata 'yan Adam ne: wanda aka san Yayarsa na iya faɗowa kowane lokaci, shimfiɗarsa ba ta kwana da fitsari.

Me ya sa ƙafa ke ɗaukewa, alhali mu ne masu cewa zumunta a ƙafa take? Ban yarda cewa rashin imani ne ya fi yawa ba. Na farko kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Tsohuwar da ke Saminaka ko Birnin Gwari, wadda ɗanta ke Kaduna, sai ta zaɓa tsakanin ziyara da cefanen mako, ban da fargabar hanya. Sai kunya, wadda ta fi kuɗin mota nauyi: ana tsoron kada masu neman auren 'yanmatan gidan su ji, a ce abin a jini yake. Akwai kuma ciwon zuciya. Uwar da ta kai ɗanta ta baro, idan ta je ya riƙe mata zani yana kuka, sai ta kwana uku ba ta yi barci ba, a hankali ta fara jinkirta zuwa don ta tsira da zuciyarta.

A nan ne wasu masu cibiyoyi ke faɗin maganar da ta fi kowace ɓarna: "Hajiya, ku rage zuwa, duk ranar da kuka zo sai ya tayar mana da hankali, ku bari ya saba." Ana faɗinta da fuskar tausayi, uwa kuma ta karɓa domin ta sauƙaƙa mata. Amma kukan da yake yi bayan tafiyarta shaida ce cewa har yanzu ya san nasa. Shirun da ke zuwa bayan wata shida ba tare da ziyara ba, wanda ake kira sabo, sau da yawa fid da rai ne. Mai raunin fahimta ba ya riƙe "sai bayan Sallah" a kansa. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne abu mai maimaituwa, ya san cewa duk Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya zai zo, ko duk Lahadi bayan coci. Gajeriyar ziyara mai rana tsayayya ta fi doguwa wadda ba a san ranarta ba. Inda tafiya ta gagara, kiran bidiyo ta WhatsApp a rana ɗaya da lokaci ɗaya yana riƙe igiyar. Duk wurin da ya ce ba a zuwa sai an sanar, ko ganawa sai a ofis a gaban ma'aikaci, ko ba a ganin makwanci, to iyali su ɗauki ɗansu su fita da shi.

Dangi kaɗai ba su isa ba, domin dangi suna tsufa, suna ƙaura, suna mutuwa. Mutum yana buƙatar unguwa ta san shi. A nan kam muna da abin da Turawa suka rasa suka dawo suna nema da kuɗi. Akwai wani a layinmu da ya kai shekara 40, aikinsa a wurin mai injin niƙa: yana jera robobin mata bisa layin zuwansu, kuma ba ya kuskure, ba ya karɓar roƙon kowa a tsallake wata. Da la'asar yana share gaban masallaci ya shimfiɗa tabarmi. Mai injin yana ba shi kuɗinsa a hannu kowace yamma, ya kai wa mahaifiyarsa ta ajiye masa, ranar kasuwa ya sayi abin da ransa ke so. Ranar da bai fito ba, kafin azahar mutum uku sun yi sallama a gidansu. Wannan tambayar ta "yau ina wane?" babu ma'aikatar da za ta iya samar da ita.

Sai dai zama cikin mutane iri biyu ne, kuma ba zan ɓoye na biyun ba. Akwai wanda ke cikin jama'a a matsayin abin dariya: yara na binsa da jifa, 'yan majalisa na sa shi rawa don a ba shi naira hamsin, yanzu kuma an ƙara da ɗaukarsa a waya a sa a TikTok. Akwai wanda ake aika tun safe har dare, ɗaukar ruwa da dakon kaya, ladansa ragowar tuwo. Akwai wanda ɓata-gari ke ba wa ƙunshi ya kai, shi a kama shi, ya amsa laifin da bai fahimta ba domin ya saba cewa "to" ga duk wanda ya ɗaga masa murya. Abin da ke raba iri biyun shi ne ko akwai babba guda a wurin da ya ɗauki mutumin a matsayin nasa, wanda zai ce wa yara kul, a kuma ji. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata mai rauni a hankalinta ta ce wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana da buƙata a wurinsa. Ya kira ta da alkunya, ya ce ta zaɓi duk hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama bayaninta. Limamin da ya karanta wannan a mumbari, sannan ya sa irin wannan bawan Allah a sahu kusa da shi, ya yi wa unguwar tarbiyyar da wa'azin shekara ba zai yi ba.

Lamarin mata ya fi tsanani. Tsoron fyaɗe gaskiya ne, kuma shi ke sa a kulle 'ya mace shekara da shekaru. Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020 har da dandaƙa, amma hukunci sai da shaida, wadda ba ta iya bayani kuwa ita mugu ke nema. Kullen ma bai cika tsare ta ba, domin sau da yawa mai cutar yana da hanyar shiga gidan. Wadda ke zuwa Islamiyyar matan aure tare da 'yar'uwarta, ake zuwa suna da biki da ita, aka koya mata da kalmomi masu sauƙi inda ba a taɓa mata da wanda za ta gaya wa, tana da mata goma da za su lura idan tafiyarta ko fuskarta ta canza.

Ta fuskar doka ba mu rasa takarda ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashenta na 19 ya ce mutum yana da haƙƙin zama cikin al'umma, kada a tilasta masa wani mazauni na daban. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, har da ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, sannan a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Kaduna ta yi tata dokar a 2021 da hukumar da ke kula da harkokinsu. Amma idan ana maganar aiwatarwa, hankali kan tafi ga keken guragu da sandar makafi da gangaren shiga ofis, abubuwan da ake iya rabawa a ɗauki hoto. Abin da mai raunin fahimta ke buƙata mutum ne, kuma mutum albashi yake ci kowane wata.

Ina jin tsoron ranar da wata gwamnati za ta ji tausayinsu ta gina musu katafaren gida a bayan gari, can hanyar Kachia ko bayan Mando, mai gado ɗari biyar. Norwe da Suwidin sun gina irinsu, suka kwashe shekarun 1990 suna rufewa. Misalin da ya fi dacewa da mu na gida ne. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa guda, su zo jinya da rana su koma cikin mutane da dare. Na masu taɓin hankali ne, amma tunanin ya dace da nan: a kai taimako inda mutum yake tare da nasa. Kuɗin gado ɗari biyar zai buɗe ƙananan wuraren yini a Rigasa da Kawo da Sabon Tasha da Tudun Wadan Zariya, inda za a kawo mutum da safe ya koyi sana'a da kula da kansa, uwarsa ta samu ta je kasuwa ko ta runtsa, da yamma ya koma gida. Zai biya ɗan alawus ga mai riƙo, da ihisani ga masu gareji da teloli da masu gidan burodi da suka karɓi almajiri irin wannan. Waɗanda kuwa dole sai an ajiye su, saboda larurar ta yi tsanani ko babu kowa nasu, a ajiye su kaɗan-kaɗan a gida cikin unguwa, kusa da danginsu, a kuma sa buɗe ƙofa ga 'yan'uwa cikin sharuɗɗan lasisi.

Akwai abin da ba sai an jira gwamnati ba, shi ne maganar gado da riƙo. Mai raunin fahimta yana da cikakken kasonsa kamar kowane magaji. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a damƙa wa wanda ba zai iya juya dukiya ba dukiyar a hannunsa, amma a nan take ta ce a ciyar da shi daga cikinta, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. Abin da muke gani sau da yawa shi ne a ce "wane ai ba ya buƙata", kasonsa ya narke a hannun 'yan'uwa, shi kuma a fara yawo da shi gida-gida. Iyaye su zaunar da 'ya'yansu tun suna da ƙarfi, a fitar da wanda zai zama waliyyi, a rubuta a gaban shaidu ko alƙali, a ware shago ko ɗakin haya da kuɗinsa zai riƙa tafiya kan ci da maganinsa, a kuma sa wani na biyu da zai riƙa duba lissafin. Wanda zai riƙe shi kuma ya fara tun yanzu: kwana ɗaya a mako a gidan Yaya, ya san makwancinsa, matar gidan ta san abin da ke fusata shi da abin da ke kwantar masa da rai, mai shagon layin ya san sunansa. In ba haka ba, rasuwar uwa da barin gidan da ya sani da rabuwa da unguwarsa duk za su faɗo masa cikin mako guda, kuma rikicewar da zai yi a lokacin ita ce za a kafa hujja da ita a ce ba ya zaunuwa a gida.